Tabarma Biyu a Gindin Tangaraho

Ina tsaye gaban allo a lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ta Magariya, alli a hannuna, wayata ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce. Ba ɗabi'ata ba ce ɗaukar waya cikin aji, amma ranar na ɗauka, don Baba, wanda kowa ke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal a Nijar, yana ƙetare, kuma da zazzaɓi a jikinsa ya tafi. Muryar Ardo Buba na ji, amininsa, makiyayi kuma manomi a Maikwari, ƙauyen da ke kallon namu ta wancan gefen iyaka.

"Uwani, sai haƙuri," in ji shi. "Mushe ya riga mu. Yanzun nan, a zaurena, kansa bisa cinyata."

Na Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na faɗa, na sake faɗa, har yaran suka kama faɗa tare da ni ba su san wanda ya rasu ba. Ardo ya tambaya ko a ɗauko shi a amalanke a kawo gida. Na kira Inna, mahaifiyarmu, ta ce a'a, mijinta ya sha faɗa mata cewa inda ya faɗi nan za a rufe shi, ƙasar duk ɗaya ce. Mu muka ƙetara muka yi masa sallama, aka rufe shi a maƙabartar Maikwari bayan La'asar.

Tun daga ranar nake jin yabo har kunnena ya gaji. Mutanen da suka daɗe suna tofar da yawu in an ambaci sunansa, yau su ne a sahun gaba, hannu a sama, ido ya yi jajir. An ce a rufa wa mamaci asiri, kuma gaskiya ne, sai dai Baba ba shi da asirin da za a tona. Ba wanda ya ce a rufa wa masu rai. Ni ce Hadiza, ƴarsa ta fari, wadda kunyar ɗan fari ta hana shi kiran sunana har ya bar duniya, sai dai ya ce Uwani. Zan faɗi ko wane ne shi, zan kuma faɗi abin da ake shirin binnewa tare da shi. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Mushe Isuhu haifaffen Kukar Sambo ne, a ƙasar Kwaya, malamin lakwal. Mahaifiyarsa ƴar Maikwari ce. Ƙarfen nan da Turawa suka kafa alamar iyaka, wanda muke kira tangaraho, a tsakiyar gonarmu ta gado yake tsaye. Baba yakan fara layin shuka a Nijar ya ƙarasa shi a Najeriya. Masu yi masa ba'a suka laƙaba masa suna Ba'iyaka. Bai yi fushi ba, ya karɓa, har in an kira shi da shi a kasuwa yakan waiwaya ya ce, "Na'am, Allah ya sa."

Wanda ba ɗan yankin nan ba sai an yi masa bayanin sakin gonaki. In kaka ta yi, an yanke hatsi an ɗaure dami, an cire gyaɗa, wake ne ke saura a gona. Sai hukuma ta sa ranar da makiyaya za su iya sakin shanu su ci kara da harawa. Mu na Nijar da ranarmu, su na Najeriya da tasu. Sau da yawa tasu takan riga tamu. Shanu su shiga gonakin can da izini, suna kiwo suna matsowa, ba shinge ba katanga, sai ƙarfe ɗaya nan, wani can nesa. Kafin a ankara suna cikin waken mutum na wannan gefen, wanda bai kai tsinka ba. Makiyayi ya ce an saki, manomi ya ce ba a saki ba, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa.

A irin haka aka kashe Kawu Habu, ƙanen Baba, ina yarinya. Sanda ɗaya aka yi masa a ka, cikin gonar nan ta tangaraho. Ba a yi sadakar uku ba samarin garinmu suka tare wani matashin makiyayi a bakin rijiya suka rama. Ƙanen Ardo Buba ne, kuma ba ya ma wurin ranar da aka yi faɗan. Abin da Baba ya yi washegari shi ne mutane suka fara kiransa mahaukaci a kai. Ya tashi daga tabarmar makokin ƙanensa, ya taka da ƙafa har Maikwari, ya yi sallama a ƙofar Ardo, ya zauna cikin masu ta'aziyya. Ardo ya sha ba mu labarin cewa hannunsa na kan takobi lokacin. Baba ya ce masa, "Ni da kai ba mu kashe kowa ba, ranaku biyu ne suka kashe mana ƙanne. Zo mu mai da su ɗaya."

Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Konseyenmu, wato kansilan nan ɓangaren, ya ce ba shi da izinin ƙetara iyaka ya yi zaman hukuma a wata ƙasa. Kansilansu ma haka ya ce. Masu kaki na nan da na can suka ce su kam ko kusa. Baba ya yi ta zarya a kan keke, damina ta wuce, wata ta zo. Wata safiya ya shiga ɗakin Inna ya naɗe tabarmi biyu, ya ɗaure a bayan keken, Inna na ta faɗa a kan sababbi ne. Ya je gindin tangaraho ya shimfiɗa ɗaya ta arewa, ɗaya ta kudu, bakinsu na taɓa juna daidai kan layin. Ya aika aka kira kowa zuwa gonarsa, ba zuwa ƙasar wani ba.

"Konseye, zauna nan, kana ƙasarka," ya ce. "Kansila, ga taka, kai ma kana ƙasarka. To, wa ya ƙetare?"

Aka yi dariya, aka zauna. Daga nan zaman ya samo asali, kuma shi ya tsara yadda ake yin sa. Kafin ranar, manomin can da makiyayin nan su zaga gonakinmu tare, manomin nan da makiyayin can su zaga nasu. Kowa ya dawo da kwanson wake daga gonar da ta fi jinkiri, ba daga wadda ta fi sauri ba. A gaban jama'a a murza. In ya fashe ƙas, sakin ya kusa. In ya lanƙwashe, a ƙara jira. A tsai da rana ɗaya, konseye da kansila su ɗauka zuwa ga hukumominsu, mai shela ɗaya ya faɗa a kasuwannin ɓangaren biyu. Tun da aka fara wannan zama ba a sake zubar da jini a kan harawa tsakanin garuruwan nan ba. Har shekarar da aka rufe iyaka, masu bindiga suka zo suka ce a tashi, Baba ya nuna musu bakin tabarmin ya ce su duba da kyau, in sun ga ƙafar wani ta wuce su kama shi. Suka tsaya suna kallo har aka shafa fatiha.

Kada wani ya ɗauka burinsa a kan wake ya tsaya. Baba so yake a yi majalisa ɗaya ta mutanen iyaka, zaɓaɓɓu daga nan da can, mai iko a kan rijiyoyi da burtali da kasuwa da likita. Daga nan, in ji shi, a hau sama, har ranar da ƙasashen biyu za su zama ɗaya, maƙwabta su biyo. Ya faɗi wannan a Dungas, ya faɗa a Sassumbrum, ya faɗa a tashar mota da wurin suna da gidan biki, har mutane in sun hango kekensa sukan canza hanya. In an ce masa mafarki yake, sai ya ce, "In mun kasa haɗa rana ɗaya, da wane baki za mu haɗa ƙasa? Mu fara da ranar." Yakan kuma ce, "Wanda ya raba ƙwaryar nan biyu ba shi ke shan fura a cikinta ba. Ya yi tafiyarsa, ya bar mu muna gadin tsagin."

Abin da aka saka masa da shi, masu kuka a yau sun fi ni sani. Aka ɗauke shi daga lakwal ɗin garinmu aka cilla shi can arewa mai nisa don ya yi shiru, ya ajiye aikin ya dawo noma. Aka kulle shi a nan, wai ɗan leƙen asirin Najeriya ne. Da ya fito ya ƙetara kasuwa, aka kulle shi a can, wai yaron Faransa ne. Ya dawo gida ƙafafu a kumbure, Inna na gasa masa da ruwan zafi tana hawaye, shi kuwa dariya yake. "Kin gani ko? Ƙasa biyu sun haɗa kai a kaina. Ashe abin mai yiwuwa ne."

Cikin masu hura wannan wuta ba wanda ya kai Alhaji Laminu, attajiri a nan Magariya, jigo a siyasa, wanda konseyenmu na yanzu ba ya tari sai da izininsa. Shi ya tsaya a taron jama'a ya ce Mushe Isuhu zai sayar da ƙasa. Kishin ƙasa ne a bakinsa, amma kowa ya san inda gizo ke saƙa. Alhaji yana da garken da ba a ganin ƙarshensa, a hannun makiyayan haya. In ranakun saki biyu ne, shanunsa sukan ci sau biyu: su ƙetara su ci na can da wuri, su dawo su ci na nan. In sun yi ɓarna a hanya, talakan Bafulatanin da ke da shanu kaɗan a gefen gari shi ake kamawa, shi ake ƙona wa bukka. Rana ɗaya ta rage wa shanun Alhaji ƙiba, wannan shi ne laifin mahaifina.

Ba zan mai da Baba waliyyi ba, don zai ƙi. Gidanmu ya biya kuɗin wannan gwagwarmaya ba a tambaye mu ba. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Inna ta raine mu. Ranar ɗaurin aurena wakili aka yi masa, yana Sassumbrum wajen sasanta rikicin rijiya. Da ya dawo na tare shi a zaure, ban ko durƙusa ba, na ce, "Baba, za ka haɗa ƙasa biyu, gidanka ɗaya ya gagare ka." Ya ce, "Kin faɗi gaskiya, Uwani." Na zaci zai zauna. Da gari ya waye na ji ƙarar sarƙar kekensa. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, kuma ko yau ban ce ya yi daidai ba. Amma mu muke da ikon yin wannan ƙorafi, mu da muka kwana da yunwa dominsa, ba waɗanda suka ƙoshi da rabuwar ba.

Shirin zaman bana ne ya kai shi Maikwari da zazzaɓi. Konseye ya fara noƙe-noƙe tun damina, kansilan can ma an ce an yi masa magana. Baba ya san in ba a zauna ba kowace hukuma za ta sa tata ranar kamar da. Inna ta roƙe shi ya bari jikinsa ya yi sauƙi, ya ce wake ba ya jiran mara lafiya.

Ranar sadakar uku Alhaji Laminu ya zo Kukar Sambo da motoci da buhunan shinkafa, da mutanensa masu ɗaukar hoto da waya. Ya gama da maza a waje, ya nemi iso ya shigo wajen Inna, tana takaba, muna zaune kewaye da ita. Ya tsuguna daga bakin ƙofa, yana share hawaye.

"Hajiya, ya haƙuri? Madam, ya haƙuri? Wallahi ba ku kaɗai kuka yi rashi ba, ƙasa ce ta yi rashi. Mun zauna mun yi shawara. Sabuwar ƙofar shingen da za a gina a hanyar iyaka, sunan Mushe za mu sa mata."

Na ce, "Alhaji, mutumin da ya ƙare ransa yana faɗa da shinge, sunansa za ku rataya a shinge? Ku riƙe ƙofarku. Abu ɗaya muke so, ka saki konseye ya zo zaman bana a gindin tangaraho ran Alhamis."

Hawayen ya bushe nan take. "Madam, ke mai ilimi ce, kin san halin da ake ciki. Maganar tsaro ce. Sai an samu izini daga sama."

"Izinin me? Ba wanda zai ƙetare. Tabarma biyu ce, Alhaji, ka sha ganinta."

Ya yi ƴar dariya, ya dubi mutanensa. "Jinin Mushe ke nan. Ki bar wa maza wannan magana, ki ji da makokinki."

Inna ba ta ɗaga kai ba tun shigowarsa. Daga cikin mayafi ta ce, "Hadiza, a raba shinkafar nan a ƙofar gida ga mabuƙata. A ce sadakar Alhaji ce don kansa. Mijina ba ya ciki." Alhaji ya miƙe ya fita ba sallama.

Alhamis ta zo. Maigarinmu ya shimfiɗa tabarmar arewa, Ardo Buba ya shimfiɗa ta kudu. Manoma suka zo, makiyayan garuruwan biyu suka zo, mu mata muka zauna daga baya a inuwar gawo. Wurin konseye ba kowa, wurin kansila ba kowa. Aka jira har rana ta take. Aka kawo kwanson wake aka murza, na gonakin fadama ya lanƙwashe bai fashe ba. Aka tsai da rana, bayan kasuwa biyu. Aka shafa fatiha, aka yi wa Baba addu'a, dattawa na share ido da bakin rawani. Amma kowa a wurin ya san rana ce marar hukuma a bayanta. Ba wanda zai kai ta gaba, ba mai kaki da zai tsare ta. Makiyayan Alhaji ba ko ɗaya da ya zo, kuma a ranar ne aka ga garkensa ya sauka a tafkin da ke kudu da layin, don an ce can za a saki da wuri.

Da za a watse na je na durƙusa gaban Ardo. Na ce, "Baffa, za ta riƙe?"

Ya ce, "Namu shanu za mu riƙe, ɗiyata, ko da za su rame. Na Alhaji ba su san muryata ba."

Yanzu da nake wannan rubutu wake na nan a gona. Ƙanena Sani, wanda gonar tangaraho ta koma hannunsa, ya kafa bukka a cikinta yana gadi, gora a gefensa. Na ce masa ya dawo gida, wake ba ya kai rai. Ya ce abincin ƴaƴansa ne, in faɗa masa me zai ba su. Samarin Maikwari ma suna wasa addunansu, don sun san in aka yi ɓarna bukkokinsu za a nufa. Duk yaran da Baba ya koya wa karatu ne ko ya yi musu huɗuba a kunne.

Saboda haka, Alhaji Laminu, da kai nake, da konseyen da ka ɗaure wa ƙafa, da takwarorinku na can da kuke gaisawa a ɓoye kuna zagin juna a fili. Ba ma son ƙofa, ba ma son jawabi, ba ma son hotonsa a bango. Ka aika wa makiyayanka su riƙe shanu zuwa ranar da aka tsayar. Ka ce wa konseye ya ɗauki ranar ya kai inda ake kaiwa. Wannan ce kaɗai ta'aziyyar da gidanmu zai karɓa daga gare ka. In ka ƙi, aka taɓa ɗan wani, kada ka zo mana da shinkafa, kuma ka sani an faɗa maka tun kafin a yi.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ɗan Kukar Sambo ya zo gare ka, ba shi da guzuri sai abin da ka sani. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Abin da ya tauye na haƙƙinmu mun yafe, kai ma ka yafe masa. Ka sa sulhun da ya yi tsakanin bayinka ya tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka ba Inna haƙuri da ƙarfin gama takabarta lafiya, ka rufa wa ƴaƴansa da jikokinsa asiri, ka saka wa Ardo Buba da mutanen Maikwari da alheri, su da suka wanke shi suka rufe shi kamar nasu. Waɗanda suka cuce shi yana raye suke kuka yana kabari, mun bar su da kai, kai ka san abin da ke cikin ƙirji. Ka tsare Sani, ka tsare samarin can da na nan. Ya Allah, ka sa wake za mu ɗauko daga gonakin nan bana, ba gawa ba. Amin.